Ɗigo Ɗari da Tamanin da Bakwai

Añasco, 2 ga Agusta, 1998

Zuwa ga Herminia,

Prima, 'yar uwata, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Chemo da matarsa da 'yan matansa biyu waɗanda ban taɓa gani ba sai a hoton da Fada Ismael ya nuna mini. Ni ma lafiya, in dai wannan sunanta lafiya. Gwiwoyi sun daina jin magana. Kunnen hagu kuwa tun ƙwallon da ta same shi bai sake aiki ba, shi ya sa ban nemi lambar wayarki ba. In za a zage ni, gara a zage ni a takarda in karanta a natse.

Rabon da ki ga rubutuna tun rasuwar mijinki Nicasio, ita ma ta'aziyyar ba ki amsa ba. Ban riƙe ki ba. Ɗaki ɗaya muka tashi a gidan Kaka Tomasa, na san ki da riƙo tun kina da kitso biyu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na ajiye aiki. Shekara arba'in da huɗu ina horar da 'yan besbol a Kwalejin Santa Rosalía, ashirin da biyu daga ciki kuma ni ne daraktan wasanni, wato ni ke raba faɗa tsakanin 'yan gudu da 'yan ƙwallon kwando a kan wa zai hau motar tafiya gasa. Shugabannin kwaleji bakwai na yi zamani da su, wasu na raka su tasha, wasu maƙabarta. Na takwas ɗin, wani mai ɗan gemu da bai san gorar duka daga ludayi ba, ya ce za a sa wa filin sunana ranar Asabar, sha huɗu ga Nuwamba. Tsofaffin ɗalibaina sun haɗu sun yi allon tagulla da za a kafa a bakin ƙofa. Ga katin nan na sako miki.

Kin san al'ada. Kafin a fara wasa ranar, wani zai hau tudun mai jifa a tsakiyar fili ya yi jifan farko, ni kuma in tsuguna in cafe. Sun ce in zaɓi wanda nake so. Yara sun fi dubu da suka bi ta hannuna, shida daga ciki sun kai manyan ƙungiyoyin Amurka, kowannensu kuma zai zo da gudu in na kira. Ni Chemo nake so. Ni na riƙe shi a coci ranar baftismarsa, ni na fara ɗora masa ƙwallo a tafin hannu, kuma ban sake ganin mai jifa kamarsa ba. Ku zo tare. Ɗakin baya yana nan, bishiyar mangwaron ma tana nan.

Naki,
Eulogio

Hartford, 15 ga Agusta

Eulogio,

An koya mana gaisuwa tun muna yara, don haka na gaishe ka. Muna lafiya. Hawan jinina yana zaune inda likita ya ajiye shi har ranar Talata da takardarka ta iso. Chemo motar 'yan makaranta yake tuƙawa. Lokacin sanyi sai ya kankare ƙanƙara daga gilashi kafin ya ga hanya. Na faɗa maka ne don ka san inda mai jifan da ba ka sake ganin kamarsa ba ya ƙare.

Na buɗe katin. Takarda mai kauri, ga hotonka ka washe baki kamar gonar auduga. Na karanta abin da za a rubuta a allon: "Shekara arba'in da huɗu, bai taɓa kashe hannun yaro ko ɗaya ba." Sai da na nemi kujera. To madalla da Mai Ɗari, wanda ke sauke yaro daga tudu da zarar ya yi jifa ɗari. Hannu kaɗai ake kashewa? Wanda ya kashe yaron gaba ɗaya ya bar masa hannun fa, allon me za a yi masa?

Tunda tsufa ya fara cinye maka ƙwaƙwalwa, bari in tuna maka. Lahadi, sha shida ga Afrilu, shekarar saba'in da biyu, wasan ƙarshe na kofin kwalejoji. Zagaye bakwai ɗana ya yi, babu mahaluƙin da ya doki ƙwallonsa ya tsira zuwa tashar farko. Filin ya yi tsit, kowa ya san ba a faɗin abin da baki don kada a karya shi. Abokan wasansa sun matsa can ƙarshen benci sun bar shi shi kaɗai. Ni hankici na cusa a bakina. A bayan raga ga Ba'amurken nan mai hular kaba, mai nemo wa ƙungiyoyinsu 'yan wasa, wanda ya taso musamman don ya ga Chemo, yana ta rubutu bai ko ɗaga kai ba. Saura zagaye biyu, Eulogio. Sai ga ka ka fito da tafiyarka ta agwagwa, ka haye tudu, ka miƙa hannu ka karɓe ƙwallon. Mai hular kaba ya rufe littafinsa, ya sa a aljihu, ya fita. Wanda ka sa a madadin Chemo ya zubar da wasan, huɗu da biyu. Ba kofi, ba kwantiragi.

Garin duka ya san dalili. Ɓoye shi ka yi don kada a ɗauke maka shi, ya ƙara maka shekara biyu kana cin wasanni da guminsa. Allah kuwa bai ba ka ba, don zuciyar yaron ta karye, bai sake jifan kirki ba. Nicasio ya mutu bai ƙara furta sunanka ba.

Yanzu kana son ya zo ya hau wannan tudun, da furfurarsa, jama'a su tafa maka. Ban ma nuna masa takardar ba. Ka kira ɗaya daga cikin shidan naka.

Herminia

Añasco, 28 ga Agusta

Herminia,

Ina gaishe ki da jiki, Allah ya saukar da hawan jinin. Nawa ya hau ya same shi.

Garin duka ya sani! Wane garin? Masu zama a shagon aski waɗanda ba su taɓa tsugunawa bayan mai duka ba? Shekara ashirin da shida ina jin wannan magana a kasuwa, a bakin coci, har a wajen jana'iza, ban tanka wa kowa ba, don abin da ya faru a benci a benci ake binne shi. Amma ke ba shagon aski ba ce. Ke kika koya mini rubuta wasa. Kin manta ranakun Lahadi a gaban rediyon Kaka Tomasa, ke da fensir, ni ina leƙe ta kafaɗarki? Kowa sakamako kawai yake rubutawa, ke kika ce a'a, kowane jifa a yi masa ɗigo a gefe, don wasa a hannun mai jifa yake. Har ranƙwashi na sha a kan ɗigon da na tsallake. Da wannan tsarin naki na rubuta kowane wasa na shekara arba'in da huɗu, littattafan suna jere a ɗakin ajiya ƙarƙashin rumfar 'yan kallo.

Ban taɓa yage takarda daga cikinsu ba, yau na yage. Ga shafin Lahadin nan. Sa tabaraunki ki duba zagaye na shida da na bakwai. Duba abin da na rubuta a gefe da hannuna: gwiwar hannu ta sauka. Ƙasa kaɗan: yana yarfa yatsu. Na tambayi mai cafe masa, ya ce ƙwallon ta daina yi masa zafi a tafi. Ku kuna can sama da hankici a baki kuna ƙirga waɗanda suka faɗi, ni ina ƙasa ina kallon hannun ɗan baftismata yana mutuwa. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau bishiya ba zai gani ba.

Mai hular kaban naki da kike kuka a kansa, na san irinsu. Da ya sa masa hannu a takarda ranar, ya kai shi wani ƙauye a Amurka, wata ɗaya a gane hannun, a sako shi a jirgi kamar buhun da ya huje. Na san in na hau tudun nan na rasa kofin, na rasa ku. Na hau. Daga wannan ranar dokar jifa ɗari ta samo asali, wadda aka yi shekara goma ana yi mini dariya a kanta, yau kuma ake zuba ta a tagulla.

Ban ɓoye ɗanki ba, ceto shi na yi. Ki karanta shafin, sannan ki ba shi takardata. Mutum ne mai shekara arba'in da shida, ba jaririn goye ba.

Eulogio

Hartford, 11 ga Satumba

Eulogio,

Lafiya lau. Na gaishe ka.

Na sa tabarau kamar yadda ka umarta. Na ga gwiwar hannu, na ga yatsu. Na ƙirga ɗigon Lahadi, casa'in da shida. Rubutunka har yanzu kamar kaza ta yi tonon ƙasa, amma ka riƙe tsarina, ban samu ɗigo ɗaya da ka tsallake ba. Zan faɗa maka gaskiya, na kusa jin kunya. Na ajiye takardar a kan tebur na tashi in ɗora ruwan kofi a wuta, iskar taga ta kifar da ita ƙasa. Da na sunkuya na ɗauka, sai ga ta ta baya.

Takarda fuska biyu gare ta, primo, ɗan uwana. Wanda ya yi shekara arba'in da huɗu yana rubutu ya kamata ya san haka.

A bayan Lahadi akwai Juma'a. Sha huɗu ga Afrilu, wasan kusa da na ƙarshe, wanda kuka je can kudu kuka yi, mu ba mu je ba don Nicasio yana gonar rake. Abin da muka ji kawai shi ne an yi ƙarin lokaci kun ci. Na duba gurbin mai jifa, suna ɗaya ne daga sama har ƙasa: Anselmo Irizarry, Chemo ɗina. Zagaye goma sha uku. Kofin ya ƙone a kan wuta ina ƙirga ɗigo. Na ƙirga sau uku, na uku da tsinken ashana ina bin su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗari da tamanin da bakwai.

Ranar Juma'a. Ya kwana biyu, ka sake miƙa masa ƙwallo ranar Lahadi. Kuma a duk gefen shafin Juma'a ba ka rubuta komai ba, ba gwiwa, ba yatsu. Ranar idonka yana ina? Kana da wasu masu jifa uku a benci, ga sunayensu nan a ƙasan shafin, ko kujera ce ta manne musu?

Shekara ashirin da shida ina zaginka a kan laifin da ba shi ne naka ba, kai kuma kana karɓar zagin da murna, don ya fi na gaskiyar sauƙi. Ashe ba ka ɓoye shi ba. Ka yanka rago ranar Juma'a, ka zo Lahadi a gaban jama'a kana yi masa fifita, har kana so a ce maka mai tausayi. Dokar ɗarin taka ba hikima ba ce, kabari ce, kuma na san wanda ke ciki.

Ga maganata, ba ni da wata. Wancan layin na allo ƙarya ne. Muddin yana nan, ƙafata ba za ta taka filin nan ba, ko da kuwa kai ne kwance a tsakiyarsa cikin akwati. A cire shi.

Herminia

Hartford, 9 ga Oktoba

Eulogio,

Ban san ko gaisuwa zan yi ko ta'aziyya ba. Mun ga guguwar a talabijin, mun ga kogi ya haye gada ya shiga gari. Kwana tara ina kunna kyandir ina kiran sunanka a gaban Budurwa Maryamu, abin da na rantse ba zan sake yi ba. Sai ga ƙanwar Fada Ismael ta ce an gan ka da ranka, ɗauke da kwanon rufi a ka kana yi wa ma'aikata tsawa. To alhamdu lillahi. Mai iya ɗaukar kwano ya iya ɗaukar alƙalami. Takardata ta isa kafin iska, na lissafa kwanakin. Shiru ma magana ce, na kuma ji ta.

Tunda ka ƙi magana, na tambayi mai hannun. Ranar Lahadi bayan coci Chemo ya zo cin shinkafa da wake, na ajiye masa shafin kusa da faranti, Juma'a tana sama. Ya daɗe yana kallo. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Mama, har da ɗigon?" Na ce ya tashi tsaye ya ɗaga hannun dama. Ya ce abinci zai huce. Na ce ya huce. Ya ɗaga. Iyakarsa kafaɗa, Eulogio. Nan ya tsaya.

Ka san yadda yake yin alamar gicciye? Sunkuyar da kai yake yi har goshin ya sauko ya tarar da yatsun. Shekara ashirin da shida ina nuna wa matan coci shi, ina cewa ku dubi ladabin ɗana a gaban Allah. Ashe hannun ne ba ya kaiwa. Da hagu yake taje kai, da hagu yake ɗauko mini tukunya daga saman kanta, ni uwarsa ina zaune ban gani ba. Ba zuciyarsa ce ta karye ba.

Kuma har yanzu kare ka yake yi. Wai shi ya roƙe ka ƙwallon ranar Lahadi, wai ya ce maka ba ya jin komai. Na ce masa ɗan shekara ashirin ko wuta ce a hannunsa cewa zai yi ba ya jin komai, shi ya sa ake ajiye babba a benci.

Ka amsa mini.

Herminia

Añasco, 19 ga Oktoba

Prima,

Na gode da kyandir. Ina da rai. Rabin rufin gidan ya tafi yawon duniya, mangwaron ya kwanta a kan ɗakin baya, mako huɗu ke nan ba wuta, ruwa a bokiti muke ɗebowa. Gidan waya sai makon jiya ya buɗe. Amma ba zan fake da iska ba, lissafinki daidai ne. Takardarki ta zo kwana biyar kafin guguwar. Sau huɗu na fara amsa, duk zagi ne, na yayyage.

Kogi ya shiga ɗakin ajiya. Littattafan nan duka, shekara arba'in da huɗu, sun zama kunu. Da shebur muka kwashe su. Allon tagulla kuwa yana ofishin shugaba a bene, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Ki yi dariya in kina so. Abin da ya rage na dukan aikina a duniya shi ne takardar da ke hannunki.

Ban aiko miki da Juma'a da gangan ba, kada ki ba ni wannan darajar. Ban juya ba. Shekara ashirin da shida duk sanda abin ya dame ni, littafin nan nake ɗaukowa, kuma kullum a shafi ɗaya yake buɗewa, har ya saba.

Ga Juma'ar. Shekara goma sha takwas ina aiki ban taɓa kawo kofi ba, shugaban lokacin kuma ya riga ya faɗa mini cewa akwai wani a garin Ponce da ke jiran kujerata. Wasan ya tsaya ɗaya da ɗaya. Kowane zagaye in Chemo ya sauko sai in ce, lafiya? Ya ce lafiya, padrino, haka yake kirana don ni ne ubansa na baftisma. Na san amsar kafin in tambaya, shi ya sa nake tambaya. Ina yin ɗigon da hannuna, ina ganin layin yana cika yana gangarawa gefen takarda, na ƙi haɗa jimla. Ukun da ke benci ba kujera ce ta riƙe su ba, ni ne. Ban yarda da su ba, kuma ina son aikina.

Amma tunda yau ranar tonon asiri ce, ki ji sauran. Ranar Asabar mijinki ya zo gidana da kayan gona a jikinsa. Ya ji mai hular kaba zai zo Lahadi kawai. Na ce masa yaron ya gaji. Ya ce in ban sa shi ba, in nemi wani ɗan baftismar. Ki je kabarinsa shi ma ki ƙirga masa ɗigo. Ni kaɗai kuka rataya wa abin, ku kuka kwashe kaya kuka bar gari.

Allon kuwa, an riga an zuba shi. Tun daga saba'in da biyu ban sake kashe hannu ba, wannan gaskiya ce, yara ɗari-ɗari shaida ne, suna ɗaga jikokinsu sama da hannun dama. Su suka rubuta layin, ba ni ba. In na ce a cire, me zan ce musu? Kina so tsoho ya tsaya a filin da aka sa wa sunansa ya tuɓe wa kansa wando?

Ki ce wa Chemo... a'a, bar shi. Ban san me za ki ce masa ba.

Eulogio

Hartford, 27 ga Oktoba

Eulogio,

Sannu da ɓarna. Na ji zafin mangwaron, ni na dasa shi. Littattafan ma na ji zafinsu, ko ba komai tsarina ne.

Ka bar Nicasio ya kwanta. Shekara talatin da takwas na zauna da shi, ba kai za ka ba ni labarin taurin kansa ba, kuma in na je can zan yi masa tasa. Amma uba roƙo ya yi, yaro roƙo ya yi. Fensir a hannun wa yake? Su ba su san adadin ba. Mutum ɗaya ne a duk tsibirinmu ya san shi, don shi ya ɗiga shi.

Ka ce me za ka ce musu. Kai da ka yi shekaru kana yi wa alƙalan wasa ihu har ana jiyo ka a kasuwa, yau magana ta ƙare maka? Ka ce musu ɗari da tamanin da bakwai. Ba ta da tsawo. Yaran da ke ɗaga jikoki da hannun dama su san hannun wa aka biya musu da shi.

Na ba Chemo takardunka duka, ya karanta. Ya ce zai zo, ko da allo ko babu. Ya ce tun ranar da ka karɓe ƙwallon bai ƙi ka ba, kunya ce ta hana shi rubuto maka, don ya bari ana zaginka alhali ya san hannun ne. Kun ji ku, maza biyu, kowa ya rungume shirunsa kamar abin gado, ni kuma an bar ni ina haushi a gindin bishiyar da ba ita ba. Yanzu kullum in ya ajiye mota sai ya tsaya a bayan gareji yana koyon jifa da hagu. Na leƙa na gani. Ko 'yarsa ƙarama ta fi shi. Ya ce in roƙa masa albarka wajen padrino, na ce ni ba 'yar aike ba ce, ya roƙa da bakinsa.

Shi ɗa ne, yana da taushin zuciya, a wajen wa ya samo oho. Ni ina nan inda nake. Ba zan zauna in ga ɗana ya bi ta ƙarƙashin wannan layin da hannunsa a saɓule ba.

Herminia

Añasco, 3 ga Nuwamba

Prima,

Gaisuwa. An kawo wuta jiya, an ɗauke yau.

Ranar Juma'a na hau bene na ce wa sakatariya zan kai allon a goge shi. Ban yi ƙarya ba. Na sa shi a bayan mota na kai wa Cheo maƙeri, tsohon ɗan wasana da ya tsare mini tasha ta uku shekara huɗu. Na nuna masa layin na ce ya ci shi da injin. Ya karanta, ya dube ni, ya ce, "Maigida Eulogio, ni fa na ba da shawarar layin nan." Na ce to kai ya kamata ka cire. Ya tambayi dalili, na faɗa masa adadin. Shi ne mutum na farko. Ya sa tabaraunsa na aiki. Ban mutu ba, ko da yake ban ji daɗi ba.

Mai ɗan gemu ya yi tsalle ya dire. Wai na ɓata kayan kwaleji, wai wurin ya yi fari fat kamar tabon ƙuna, dole a rufe shi da wani rubutun. Na ce a bar shi haka, duk wanda ya tambaya a turo mini shi, ina da lokaci yanzu. Ya ce zai kai ni gaban kwamiti. Na ce ya yi sauri, don na riga na ajiye aikin da zai kore ni daga shi.

Filin ya bushe, mun kwashe laka, na sake gina tudun da hannuna. Ina koyon tsuguno. Sauka ba wuya, tashin ne sai da mutum biyu suka kama ni.

Kada ki ɗauka kin ci ni da yaƙi. Har gobe ina nan a kan bakana, abin da na yi ranar Lahadi daidai ne. Ki zo da takardar, ita kaɗai ta rage mini.

Eulogio

Hartford, 7 ga Nuwamba

Primo,

Muna lafiya. Jirginmu zai sauka Alhamis da azahar, mu biyar. Kada ka zo da wannan akwalar motar taka, ka aiko Cheo.

Takardar zan zo da ita ka gani, amma tawa ce, a jakata za ta koma. Lahadin kuwa na bar maka, ka yi daidai, kwana biyu a makare. Ban ce na yafe ba. Sai na sa yatsa a kan tabon na ji ko ya ciyu sosai, sai kuma na ji adadin daga bakinka a lasifika, ba a shagon maƙeri ba.

Ka tanadar mini kujera a bayan raga, inda mai hular kaba ya zauna, da sabon littafi da fensir mai kaifi. Ni zan rubuta wasan. Ɗigon farko na Chemo ne.

Jifa ɗaya zai yi, Eulogio. Ko ta kai gare ka ko ta faɗi a hanya, ɗaya ce. In na ga ka miƙa masa ƙwallon karo na biyu, ni zan sauko in karɓe ta.

Herminia